Shawara ga masu shirya taron tunawa da malamin waƙa

Jama'a, idan za ku karrama marigayin da ya daɗe yana jagorantar mawaƙa da makaɗan kwalejinku, ku fara da takardunsa. Da izinin iyalinsa, ku nemo waƙoƙin da ya yi wa alama da fensir: inda ya ce a ja numfashi, inda ya ce masu busa su sassauta. Tsofaffin ɗalibansa su rera su daidai yadda ya tsara. A tura musu takardun da wuri, domin muryar da ta shekara ba ta aiki sai da atisaye. Jawabai kuwa, don Allah a taƙaita. Tsofaffin kaset na wasanninsa a juye su a kwamfuta kafin su lalace, a ba iyalin kwafi.