Babi na 6: Ya San Maganinsa Kuwa?

Darasi na 1: A daina cewa "ka gane?"

Wanda aka sallamo daga asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, ko na Dawanau ne a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, da ledar magani yake komowa gida. Aikinka, kai mai jinya, ka tabbatar ya san abin da ke cikin ledar. In ka ce masa "ka gane?", zai ce "na gane" don kunya. Kowa haka yake yi. Shimfiɗa tabarma, ku zauna, ka zazzage ledar, ka ce: "Yaya, nuna mini yadda za ka sha na gobe." Ka yi shiru ka duba hannunsa. Ba jarrabawa ba ce, kada ka ɗaga masa murya. Babba ne, ciwo ya yi, ba yaro ya koma ba.

Darasi na 2: Lambobi biyu na jikin ambulan

A nan ake faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Ɗauki ƙaramar ambulan ɗin maganin. Sau da yawa za ka ga an rubuta 1 × 2. Ɗora yatsanka a kan lambar hagu. Ita ce yawan ƙwaya. Matsar da yatsan zuwa dama. Wannan kuma sau nawa a rana. Ke nan 1 × 2 ƙwaya ɗaya ce da safe, ƙwaya ɗaya da dare. Ba ƙwaya biyu a haɗiye lokaci guda ba.

Mu sake. Hagu, ƙwaya nawa. Dama, sau nawa. Faɗa da ƙarfi. Madalla.

To 2 × 1 fa? Ƙwaya biyu, sau ɗaya a rana. Ka ga lambobin iri ɗaya ne, amma shan ya bambanta. Kada ka damu in ka rikice, kusan kowa a aji yana rikicewa da farko. Samo wake ko tsakuwa, ka ajiye murfin kwalba biyu, ɗaya na safe, ɗaya na dare. Ka ce marar lafiyar ya raba 1 × 2. In ya zuba duka biyun a murfi guda, a koma baya. Hagu, ƙwaya nawa. Dama, sau nawa.

Wasu masu ba da magani sanduna suke zanawa maimakon lamba. Kafin ka bar tagar karɓar magani, ka maimaita wa mai ba da maganin abin da ka fahimta, ya ce e. Sannan ka duba lambar da ke kusa da mg, wato miligiram, ƙarfin ƙwayar. Misali, maganin olanzapine mai 5 daban, mai 10 daban, ko da sunan ɗaya ne.

Haba jama'a! Har yanzu ina ganin masu cewa "fara da safe, ja da dare". Launi ba suna ba ne. Wata mai zuwa a ba ka na wani kamfani, launin ya canza, sai yaya? Kwafi sunan harafi-harafi a littafinka. Ai don irin wannan kuka shigo aji. Kuma a sake: hagu, ƙwaya nawa, dama, sau nawa.

Darasi na 3: "Ai na warke"

Tambaye shi: "In ka ji sauƙi, za ka daina sha?" In ya ce e, akwai sauran aiki. Sauƙin daga maganin yake, yanke shi kai tsaye na iya dawo da ciwon. Likita kaɗai ke ragewa. In rana ta tsallake, ba a ninkawa washegari. In azumi ya zo, likita za a tambaya ya gyara lokutan.

Darasi na 4: Abin da maganin kan jawo

Yawan barci, ƙiba, rawar hannu, dalalar miyau. Haloperidol kan sa wuya ya sandare. A faɗa wa likita, akwai abin da ake yi. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, ko ƙuraje bayan fara carbamazepine, a tafi asibiti a ranar. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita.

Darasi na 5: Ranar komawa

Tana jikin kati. Ya karanta maka ita. Wanda ake yi wa allurar wata-wata ma haka.