Kurakuran masu tono salsala a rajistar cocin ƙauyen Ingila

Duk wanda ya daɗe yana bin asalin dangi a ƙauyukan Ingila ya gaji da ganin sababbin shiga suna afkawa rami ɗaya. Bari mu auna da Eyam, wani ƙauye a Derbyshire, tunda dokokin da suka hau kansa su ne suka hau kan sauran gundumomin coci.

Wanda ya fi ɓarna shi ne karanta kwanan wata da kalandar yau. Kafin 1752, a Ingila sabuwar shekara ranar 25 ga Maris take kamawa. Annobar Eyam ta soma a Satumban 1665, ta lafa a Nuwamban 1666. Sai mutum ya buɗe rajistar binnewa, ya ga Fabrairu 1665, ya ce ai wannan ya rasu wata bakwai kafin annoba. Ina! Wannan Fabrairun bayan Disamban 1665 ya zo, a lissafinmu 1666 ne. Ta haka ake samun jaririn da aka yi wa baftisma a Oktoba amma aka binne shi a Janairun shekarar, kamar ya mutu tun ba a haife shi ba, sai mai bincike ya raba shi biyu, ya ƙago wa da ƙane. Ni dai duk abin da ya faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, da shekara biyu nake rubuta shi: 1665/6. Kuma kada ka gyara daga jadawalin intanet, domin wasu sun riga sun gyara, ka zo ka ƙara shekara a kan gyararre. Nemi hoton shafin, ka bi da yatsa har inda magatakarda ya canza shekara.

Na biyun kuwa ganganci ne kawai. Ka ga wani John da sunan gidanku, shekara ta yi kusa, ka cafke shi ka ce kaka ne. Haba malam! Ƙauyen da rabin mazansa John ne ko William ko Thomas? Kafin 1813, lokacin da takarda mai gurabe ta fara neman sana'ar uba da mazauninsa, sau da yawa sunan yaro da na uba kaɗai za ka tarar. Ga shi idan yaro ya rasu sukan maya sunansa ga na bayansa. Saboda haka kafin ka karɓi kowace baftisma, duba binnewar shekara goma da suka biyo. Watakila John ɗinka bai kai yaye ba. Sannan ka leƙa maƙwabta, Hathersage, Bakewell da Tideswell, don aure galibi a cocin su amarya ake ɗaura shi. Ba na haɗa uba da ɗa sai na sami shaida ta uku: wasiyya, ko takardar tambayoyin da a da ake yi wa matalauci a gano gundumar da za ta ɗauki nauyinsa, ko sunayen shaidun aure, waɗanda suka zama dole daga 1754. Ka ɗauki uba ɗaya bisa kuskure, duk wahalar da ka sha daga nan zuwa sama dangin wani ka yi wa.

Sauran ƙanana ne. Ranar baftisma ba ranar haihuwa ba ce, wani gidan yara uku ake kaiwa rana guda. A ƙidayar jama'a ta 1841 an zaftare shekarun wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, mai 29 ya koma 25. Ta 1851 ce ke faɗin garin haihuwa. Rubutun sunan gida yadda kunnen magatakarda ya ji ne, kada ka kafe kan salo ɗaya. Kafin 1733 kana iya cin karo da Latin, inda Jacobus ke nufin James ko Jacob.

Rajistar gwamnati ta fara 1 ga Yulin 1837, amma sai 1875 aka ɗora wa iyaye alhakin kai rahoton haihuwa, don haka rashin takarda a tsakani ba abin mamaki ba ne. Idan shafi ya ɓace ko ruwa ya ci shi, akwai kwafin da aka riƙa aika wa bishop duk shekara daga 1598; na Eyam birnin Lichfield aka riƙa kai su a da, can kuma aka riƙa tabbatar da yawancin wasiyyoyin mutanen ƙauyen kafin 1858. Tsofaffin rajistocin ƙauyen kuwa kada ka je coci nema, suna ma'ajiyar takardun Derbyshire da ke Matlock.