Kafin ka zauna a teburin manya a Landan

Duk hutun ƙarshen zango sai na ga abu iri ɗaya. Yaranmu da suka zo karatu Manchester ko Leeds su haɗa kai su hau jirgin ƙasa zuwa Landan, a yi hoto a gaban Big Ben, da yamma kuma wani ya ce a je irin tsofaffin gidajen abincin nan masu fitilu kamar fada. Ban hana ba. Gidan abincin Rules da ke unguwar Covent Garden tun 1798 ake dafa abinci a cikinsa, Shehu Ɗanfodiyo bai ma yi hijira zuwa Gudu ba. Wuri ne da ya kamata ido ya gani.

Hanya ba matsala, wayarku ta fi ni sani. Tufafi kuma ku duba shafinsu na intanet: gidan abincin otal ɗin Ritz sai da kwat da laktayi, wasu ba ruwansu. Mai son zuwa da kaftani da hula ya kira ya tambaya.

Maganar halal ce ba a gaggawa. Ba naman alade kaɗai ba ne. Romon da ake zubawa a kan nama sau da yawa da jar giya ake haɗa shi, ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya ma wani lokaci da giya ake kwaɓawa, kayan zaƙi kuma akwai masu barasa a ciki. Rules kuwa naman farauta ne abin alfaharinsu. Ka tambayi mai kawo abincin kai tsaye, zai shiga kicin ya tambayo maka, ba wanda zai yi maka kallon ƙauyanci.

To, yanzu inda ni na sha wuya: kuɗi.

Shekarata ta farko na kama tebur na mutum shida a wani tsohon gida da ba zan faɗi sunansa ba. Suka nemi lambar katin banki, na bayar, ban karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ba. Ashe an rubuta cewa duk kujerar da mai ita bai zo ba, za a cire kuɗinta. Mutum biyu suka ce "ga mu nan tafe", har muka tashi ba su iso ba. Daga katina aka cire. Mu da muka je ma mun makara da rabin awa, kuma teburin na awa biyu ne, don haka muna tsakar ci aka fara yi mana zarya da murmushi.

Aka tambaye mu ruwa, mai gas ko marar gas. Na ɗauka karamci ne irin na gida, inda baƙo ke fara cin karo da kofin ruwa. Kwalba huɗu muka sha, kowace da farashinta. Alhali duk gidan da ke sayar da giya a Ingila doka ta wajabta masa ba ka ruwan famfo kyauta in ka nema. Sai dai ka furta da bakinka. Dankali da ganye su ma daban ake lissafa su, naman shi kaɗai yake zuwa a tsakiyar faranti kamar maraya. Can ƙasan takardar lissafin kuma ga kuɗin hidima, kashi 12.5 cikin ɗari. Yawanci ba dole ba ne, amma ni ina biya, tunda daga Oktoban 2024 doka ta ce na ma'aikata ne, mai gida ba ya taɓawa.

Da takardar ta iso, sai kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya, don a wurinmu wanda ya gayyata shi ke biya. Na miƙa kati ina dariyar yaƙe. Watan nan taliya da manja na ci har aka yi albashi. Bature in ya gayyace ka, yawanci kowa nasa zai biya, na'urar katin ma zagayawa ake yi da ita. Ku ma ku yanke maganar tun kuna cikin jirgi.

In aljihu bai yi nauyi ba, ku je da rana, ko wajen ƙarfe biyar na yamma, lokacin da gidajen unguwar Covent Garden ke fitar da abinci mai rangwame don masu zuwa kallon wasan kwaikwayo. Ɗakin dai shi ne, fitilun su ne. In kun fito ba ku ƙoshi ba, akwai masu tsire a Peckham.