Darasi na 7: Ina kuɗin da kuka ajiye a banki suke zuwa?

Idan mai sayar da goro a kasuwar Kejetia da ke Kumasi ta kai sidi 1,000 banki, ba a kulle su a akwati. Banki na riƙe kaɗan don masu zuwa cira, sauran ya ba 'yan kasuwa da gwamnati rance. Da wannan rancen ake sayen mota, a cika shago da kaya, a ɗauki yara aiki. Haka ƙasa ke samun ci gaba. Amma in waɗanda aka ba bashin suka kasa biya, kuɗin mai goro ne suka maƙale.

Mun gani a nan Ghana. A 2017 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank, a 2018 aka haɗe wasu bankuna biyar suka zama Consolidated Bank Ghana. A watan Mayun 2019 kuwa ƙananan kamfanonin ba da rance 347 aka rufe. Cikin dalilan akwai ƙarancin jari da ba na kusa rance babu jingina mai ƙwari. Abin takaici, mata masu ƙaramin jari na cikin waɗanda suka ji jiki, don kuɗin sari ne ya tsaya.

Akwai kuma asarar da ba a ganinta, wato tsadar kaya. A Disamban 2022 farashi ya haura na Disamban 2021 da kashi 54 cikin 100. Ku ɗauki alƙalami. A ce banki ya ƙara muku sidi 20 a kan kowane 100 a shekara: 1,000 ta zama 1,200. Kayan da kuke saya a 1,000 kuwa sun koma 1,540. Kuɗin sun ƙaru a takarda, amma sidi 340 ne ba su cika ba.

Kafin ku ajiye ko pesewa ɗaya, ku nemi ganin lasisin Babban Banki. In karatu bai yi nisa ba, ku tafi da wanda zai karanta muku. Ku karɓi rasit duk ranar da kuka zuba, ko wurin mai susu ne, wato mai karɓar adashi. Wanda ya yi alƙawarin ribar sidi 10 a kan 100 duk wata, ku tambaye shi sana'ar da ke kawo ta. Sau da yawa kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, ranar da mutane suka daina zuwa sai a tarar da ƙofa a rufe.

Aikin gida: ku rubuta farashin buhun masara a kasuwar Aboabo yau da na bara, ku fitar da bambancin.