Darasi na 7: Zaɓen Salun Ƙirar Italiya ta Hannu Don Hawan Yau da Kullum

Motar Italiya tana shiga ido tun daga nesa. Duk wanda ya taɓa ganin Alfa Romeo 156 a fake ya san haka. An kai lambar gaba gefe guda don kada ta rufe tambarin, hannun ƙofar baya kuma an ɓoye shi a kusurwar gilashi, har mutum ya zaci ƙofa biyu ce da ita. Wannan kyan ne yake sa mai saye ya manta da tambaya. Motar da za ta kai mutum wurin aiki kowace safiya kuwa, da tambayoyi ake sayenta.

Salun ita ce mota mai ƙofa huɗu wadda but ɗinta yake ware a baya. Ta hannu kuma ita ce wadda wani ya riga ya hau. A darasin nan za mu koyi yadda ake karanta takardunta da lambobin jikinta, da yadda ake sauraron injinta.

Masu ƙera su

Sunaye huɗu za ku fi cin karo da su. An kafa Fiat a birnin Turin a 1899, Lancia ma a Turin a 1906, Alfa a Milan a 1910, Maserati kuma a Bologna a 1914. Fiat ta sayi Lancia a 1969, ta sayi Alfa Romeo a 1986. Tun 2021 dukkansu suna ƙarƙashin kamfanin Stellantis. Amfanin sanin wannan shi ne, sau da yawa inji ɗaya ne a motoci masu suna daban. Injin dizal 1.9 JTD, alal misali, yana cikin Fiat da Alfa da Lancia, saboda haka kayan gyaransa ba su da wuyar samu kamar yadda sunan motar zai sa a zata.

An daɗe ana cewa motar Italiya tsatsa ke cinye ta. Maganar ta samo asali ne daga shekarun 1970, zamanin Alfasud da Lancia Beta, kuma a lokacin gaskiya ce. Motocin da aka ƙera daga baya sun fi su ƙarko nesa ba kusa ba. Halin da bai canja ba guda ne: ba sa yafe sakaci. Wata motar za a iya tsallake mata sabis biyu ta ci gaba da tafiya. Waɗannan kam sai sun rama.

Kafin ku je ganin mota

Ku fara neman makaniki, sannan ku nemi mota. Ku tambaye shi ko ya taɓa buɗe irin injin, ko yana da na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwar motar, da kwana nawa kayan gyara suke yi kafin su zo. Motar shaƙatawa tana iya kwana talatin a gareji ba wanda ya damu. Motar zuwa aiki in ta yi mako guda a can, mai ita ya shiga uku. In kun rasa makanikin da ya san ta a kusa da ku, shawarata ku haƙura da ita, komai arhar da aka yi muku.

Bel ɗin tayimin

A nan za mu daɗe, domin a nan yawancin asara take.

A cikin inji akwai fistin masu hawa da sauka, akwai kuma bawul masu buɗewa da rufewa a samansu. Bel ɗin tayimin, wani madauri ne na roba mai haƙora, shi ke sa kowanne ya motsa a kan lokacinsa. Idan ya tsinke inji na aiki, bawul za su tsaya a buɗe, fistin ya taso ya buge su, su lanƙwashe. Ba ya ba da sanarwa. Mota tana tafiya lafiya lau, sai ta mutu.

Alfa 156, wadda ta fito a 1997 ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1998, ta zo da injinan fetur da ake kira Twin Spark, masu girman 1.6 da 1.8 da 2.0. An ba su sunan ne don kowace silinda filogi biyu gare ta, wato takwas ke nan a inji. Da farko kamfanin ya ce a canja bel bayan kilomita kusan 120,000. Da aka ga yana tsinkewa kafin nan, sai aka rage zuwa kusan 60,000 ko shekara 3, duk wanda ya riga zuwa. Ku lura da kalmar shekara. Roba tana tsufa ko da mota a ajiye take.

Ni kaina na sha wannan. Na sayi 156 mai injin 2.0, ja, kujerunta ko ƙwarzane babu. Na tambayi mai ita bel, ya ce ai bara aka canja. Na ce ina rasit, ya shafa aljihu, ya ce yana gida. Na ji kunyar matsa wa dattijo. Wata huɗu bayan haka, ina tsaye ina jiran danja ta ba da hannu, sai na ji wani ɗan "ƙas", inji ya ɗauke. Na murɗa makulli, sai ya riƙa juyawa fayau ba nauyi, kamar fanka. Da makaniki ya cire top ya jera mini bawul a kan tsumma, rabinsu sun karkace kamar ƙusar da aka buga a kan dutse. Bel ɗin kuwa ya bushe, duk ya tsattsage. Cinikin biri a sama na yi, na kuma biya kuɗinsa sau biyu.

Ga dokar: in babu rasit mai kwanan wata da adadin kilomita, ku ɗauka ba a canja ba. Ku cire kuɗin canjin daga farashi, ku kai ta gareji a makon farko. A haɗa da tayoyin da ke ɗaure bel ɗin da famfon ruwa, tunda an riga an buɗe wurin. Injin 2.0 yana da ƙaramin bel na biyu, shi ma a canja shi tare.

Twin Spark yana kuma shan baƙin mai ko da lafiyarsa ƙalau. Mai irin wannan mota yakan zaro sandar awo kowane mako. Ku tambayi mai sayarwa sau nawa yake duba mai. In ya ce sai ranar sabis, amsar ta ishe ku.

Wacce daga ciki?

156 ta tsufa yanzu, an daina salun ɗinta tun 2005. Ƙafafunta na gaba suna yawan kuka a kan gargada, bushin ke cinyewa. Ku guji mai giyar Selespeed, wadda take manuwal ce amma na'ura ke taka mata kuloci. Mai giyar hannu zalla ta fi kwanciyar hankali.

Alfa 159 ta gaje ta daga 2005 zuwa 2011. Ta fi girma, ta fi nauyi, ta fi shan mai. Abu na farko da ake dubawa shi ne ƙarfen da ke ɗauke da inji da ƙafafun gaba daga ƙasa, domin yana tsatsa a ɓoye a bayan murfin da ke ƙarƙashin inji. Sai an ɗaga mota an cire murfin ake gani. Injinan fetur 1.9 da 2.2 JTS sarƙa suke da ita a madadin bel, kuma sarƙar tana miƙewa idan ana jinkirta canja mai. Giyar hannu mai shida ta wasu daga cikinsu tana fara gunji a giya ta biyar da ta shida in boris ya ci. Ku shafa gefen ciki na tayoyin gaba ma, 159 ta shahara da cinye su ta nan. Injin 1750 TBi da ya zo a 2009 shi ne na fetur da ya fi dacewa da nauyinta.

Alfa Giulia an nuna ta a 2015, aka fara sayarwa a 2016, ana ƙera ta a Cassino. Tayoyin baya ke tura ta, kuma yawancinsu suna da giyar otomatik mai takwas ta kamfanin ZF na Jamus, giyar da ta yi suna wajen ƙarko. Batirinta yana cikin but. Idan ya yi sanyi, fitilun gargaɗi sukan cika gaban direba har mutum ya zaci mota ta ƙare, alhali batir ne kawai. Duk da haka kada ku yarda da baki, a sa na'ura a gani. Akwai mai suna Quadrifoglio, mai ƙarfin doki sama da 500. A kalle ta a wuce, ba ta kai yara makaranta ba ce.

Wanda kawai yake son ya tashi ya tafi, ya duba Fiat Tipo salun ta 2015 zuwa sama. A Bursa ta Turkiyya aka haɗa ta, injinta na fetur 1.4 mai sauƙin gyara ne. Ba wanda zai juyo ya kalle ta a titi, kuma ba laifi.

Maserati Ghibli da Quattroporte kuwa, farashin ta hannu yana faɗuwa warwas, amma birki da taya da sabis suna nan a farashin motar attajirai. Araha ba ta ado.

Fetur ko dizal

156 ce motar hawa ta farko da aka sayar da dizal mai tsarin da ake kira common rail, wato bututu ɗaya ke raba mai ga duk silinda, a 1997, kuma injinan JTD suna da juriya. Sai dai na baya-bayan nan suna da matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda take tara kunkunniya. Kunkunniyar ba ta ƙonewa sai inji ya yi zafi a doguwar tafiya. Idan zirga-zirgarku gajera ce, cikin cunkoso, matatar za ta toshe. Mai gajerar tafiya ya ɗauki fetur.

Karatu: Ranar duba mota

A karanta wannan da ƙarfi, mutum biyu.

Mai saye: Maigida, ga ta nan. Ka ji yadda take tashi, bugu ɗaya.

Makaniki: Dakata, Malam. Ɗora hannunka a kan bonet.

Mai saye: Da ɗumi.

Makaniki: To an tayar da ita kafin mu zo. Inji mai ɗumi yana ɓoye aibinsa. Mu dawo gobe da sassafe, a bar mana ita da sanyinta.

Mai saye: Me za mu ji da safen?

Makaniki: In ta yi kaf-kaf kamar dizal alhali fetur ce, akwai gyara a wajen tayimin. Sannan kai ka tsaya a baya ka kalli salansa. Hayaƙi shuɗi, baƙin mai take ƙonawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa ne ke shiga inji. Baƙi, fetur ya yi yawa.

Mai saye: Fitilun gaban direba fa?

Makaniki: Ka murɗa makulli kada ka tayar. Dole duk su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don kada ta tona asiri.

Washegari ku buɗe murfin baƙin mai. In kun ga wani farin abu kamar kindirmo a ƙarƙashinsa, ruwan lagireto kuma ya ragu, ku yi zargin gasket ɗin top, wanda ke hana ruwa da mai haɗuwa. Ku bi bodi da mayen ƙarfe a naɗe cikin tsumma, inda ya ƙi kamawa a ƙofar ƙarfe an cike wurin bayan haɗari. Wannan dabara ba ta aiki a Giulia, don ƙofofinta da bonet na alminiyam ne. Ku taɓa kowane maɓalli, gilashi da iyakwandishan da madubi. Ku tuƙa ta aƙalla minti 30, a gargada da kuma miƙaƙƙen titi, rediyo a kashe. Ku karɓi makulli biyu, domin yanka sabo mai ƙwaƙwalwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Lambobin jikin mota

Lambar shasi tana da harufa da alƙaluma 17. Ba a sa I ko O ko Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Ta Alfa Romeo tana farawa da ZAR, ta Maserati da ZAM. Ku karanta ta jikin mota, wani ya bi ta takarda da yatsa, harafi bayan harafi. Ko guda ɗaya ya saɓa, ku tafi gida.

A gefen taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Sai ku jera rasitai bisa kwanan wata, ku bi kilomitar da aka rubuta a kowanne. Dole ta riƙa hawa. Idan rasit ɗin 2018 ya ce 140,000, mita kuma yau tana nuna 110,000, an juya ta baya.

Aiki

1. Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: salun, tsatsa, rasit, hayaƙi, shasi.

2. Mutum yana tafiyar kilomita 50 a rana, kwana 6 a mako. Kilomita nawa yake yi a mako? Mako nawa zai ɗauka kafin ya kai 60,000?

3. Rasit ya nuna an canja bel a watan Maris na 2020, mota kuma ta yi kilomita 25,000 kacal tun daga nan. Injin Twin Spark ne. Lokacin canji ya yi ko bai yi ba? Ku faɗi dalili.

4. Ku nemi taya kowace iri, ku kwafo alƙaluma huɗun da ke bayan DOT, ku zo da su aji mu lissafa shekarunta tare.