Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar bayanan marasa matsuguni a Amurka

Mutum ya shigo gidan kwanan marasa matsuguni da daren watan Janairu, yatsunsa sun ƙage don sanyi, duk abin da ya mallaka yana cikin leda biyu. Kafin a nuna masa gado sai a zaunar da shi gaban kwamfuta: suna, ranar haihuwa, lambar SSN (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum), ina ka kwana jiya, ka taɓa aikin soja, kana da wata larura? Wanda bai san dawan garin ba zai ce rashin tausayi ne, ni ma haka na ɗauka a makon farko da na zauna a wannan teburi. Daga baya na lura cewa yawancin ɓarnar da ake yi a wurin, ta ma'aikaci da ta baƙo, tana faruwa ne saboda an manta dalilin tambayar.

A 2001 majalisar dokokin Amurka ta umarci ma'aikatar gidaje, wato HUD, ta samar da ƙidayar marasa matsuguni wadda ba a lissafa mutum ɗaya sau biyu a cikinta. Daga nan aka samu rumbun bayanai da ake kira HMIS, aka fitar da ƙa'idojinsa a 2004, dokar HEARTH ta 2009 kan taimakon marasa matsuguni kuma ta ƙara ɗaure shi. Kowane yanki da nasa rumbun, yankunan sun kai kusan 400, kuma ƙungiyar da ke karɓar kuɗin HUD don wannan aiki dole ta shigar da bayanan waɗanda take yi wa hidima.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ma'aikaci ya ɗauki fom ɗin a matsayin takardar masu ba da kuɗi, sai ya ce wa baƙo, "Haka aka ce mu yi." Gaskiya ne kuɗi na rataye da rahoto, amma wanda ya fi kowa cin moriyar rubutun shi ne mai amsa tambayar. A dokar HUD akwai rukunin waɗanda rashin matsuguni ya yi wa katutu, su ake fara ba gidan zama na dindindin mai haɗe da kulawa. Kafin mutum ya shiga rukunin sai yana da larura mai ɗorewa, kuma ya yi wata 12 a jere yana kwana a titi ko a gidan kwana, ko kuwa sau 4 cikin shekara 3 waɗanda jimillarsu ta kai wata 12. To wa zai ba da shaidar wannan? Wanda ke kwana a gindin gada ba ya ajiye rasit. Amma ƙa'idar ta yi sauƙi a wuri guda: idan ma'aikaci ya haɗu da shi sau ɗaya tak a cikin wata kuma ya rubuta, ana iya lissafa masa watan gaba ɗaya. Ke nan duk ranar da aka ba mutum abinci da bargo aka yi kasalar buɗe kwamfuta, ana iya jawo masa asarar wata guda na shaida, shi kuwa bai ma san an yi ba. Na ga dattijon da kowa a unguwar ya san ya shekara biyu a waje, amma a rubuce wata bakwai kawai aka samu, sai da aka yi ta bin ƙungiyoyi ana roƙon wasiƙa.

Gyaran ba ya cin minti ɗaya. Kafin tambaya ta farko a ce, "Baba, zan yi maka wasu tambayoyi. Abin da na rubuta yau shi zai zama shaidarka ranar da gida ya samu. Wadda ba ka son amsawa ka faɗa mini, mu wuce ta." Za ka ga kafaɗunsa sun sauka.

Sai cike gurbi da zato. Layi ya yi tsawo, ma'aikaci ya gaji, sai ya dubi fuska ya yanke shekaru, ko ya ga mace ya tsallake tambayar aikin soja. Wannan tambaya ta soja a yi wa kowane baligi, domin tsofaffin sojoji suna da ƙofarsu daban, kamar shirin HUD-VASH mai biyan kuɗin haya tare da kula da lafiya. Yawansu a cikin marasa matsuguni ya sauko daga kimanin 74,000 a 2010 zuwa ƙasa da 33,000 a 2024, kuma ba a shigar da kowa ta wannan ƙofa ba sai da aka fara sanin cewa shi tsohon soja ne. Fom ɗin kansa ya tanadi mafita uku: baƙo bai sani ba, baƙo ya zaɓi kada ya amsa, ba a tambaya ba. Kowace da ma'anarta, kada a cakuɗa su. Wanda ya manta bai yi tambaya ba sannan ya danna cewa baƙo ya ƙi amsawa, ya yi wa bawan Allah ƙage, kuma ya rufe ƙofar a sake tambayarsa.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne buɗe sabon fayil ba tare da an bincika ko akwai tsoho ba. Harafi ɗaya ya sauya a suna, ko an juya rana da wata a ranar haihuwa, shi ke nan mutum ɗaya ya zama biyu, tarihinsa ya rabu gida biyu, kowane rabi bai kai wata 12 ba. A nemi sunan ta rubutu biyu ko uku, a haɗa da lambobi huɗu na ƙarshen SSN, kafin a ƙirƙiri sabo.

Akwai wanda ya fi ba ni takaici: mayar da amsa sharaɗin samun gado. Ƙa'idar HUD ta hana a ƙi yi wa mutum hidima don ya ce kada a raba bayanansa da sauran ƙungiyoyi, sai inda dokar tarayya ta wajabta wani bayani ga wani shiri na musamman. Wanda aka tilasta wa magana ƙarya zai yi, ya ba ka sunan bogi ya kwanta, gobe kuma ba zai dawo ba. A ɗaya gefen kuma akwai ma'aikaci mai kirki da ya wuce gona da iri, yana rantsuwa cewa babu mahalukin da zai ga bayanin. Wannan alkawari ba nasa ba ne. A yankuna da yawa ƙungiyoyi suna ganin fayil ɗaya, kuma akwai lokutan da doka ke tilasta bayarwa, kamar idan kotu ta ba da umarni. Abin da ke tafiya zuwa HUD da majalisa jimillar alƙaluma ce, babu sunaye. A faɗi wannan yadda yake, a nuna sanarwar sirri da doka ta ce a liƙa a wurin karɓar baƙi, a kuma ba shi kwafi idan ya nema. Amana ita ce jarin wannan aiki, idan ta karye sau ɗaya labarin ya zaga titi kafin gari ya waye.

Matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta kuwa, lamarinta na rai da mutuwa ne. Tun sabunta dokar VAWA, mai kare mata daga cin zarafi, a 2005 aka hana ƙungiyoyin da aikinsu shi ne kula da irin waɗannan mata shigar da bayanansu cikin HMIS, rumbu daban suke amfani da shi. Amma ba duka ke zuwa can ba, wasu gidan kwana na kowa da kowa suke faɗowa. Kada a yi mata tambayar tashin hankalin gida a gaban layi, balle a gaban namijin da suka shigo tare. A ja ta gefe, a gaya mata tana iya ƙin a raba bayananta. Kuma duk wanda ya bugo waya yana cigiyar wata, ko ya ce shi yayanta ne, ba a ce masa tana nan, ba a ce masa ba ta nan.

Ranar fita ma ana sakaci. Mutum ya tafi, an bar fayil a buɗe wata da watanni, ko an rubuta ba a san inda ya nufa ba alhali ba a tambaya ba. Da wannan gurbi ake auna ko shiri yana kai mutane gida, da ko suna dawowa titi cikin wata 6, 12 ko 24. A rufe fayil a ranar, a rubuta inda ya ce za shi.

Baƙon ma yana da nasa kuskuren, kuma kunya ce ke jawo shi. An tambaye shi inda ya kwana jiya, ya ce gidan aboki, alhali a mota ya kwana. A lissafin HUD waɗannan biyun ba ɗaya ba ne: mota tana cikin wuraren da ba a yi don kwanan ɗan Adam ba, kwana 7 a jere a gidan wani kuwa yana iya katse lissafin watanninsa. Haka mai ɓoye ciwon ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye don kada a raina shi, yana iya ɓoye abin da zai kai shi gaban layi. Shi ya sa ma'aikaci ba zai tsaya a amsar farko ba, sai ya ƙara a hankali, "A cikin ɗaki ne, ko a waje?"

Ƙidayar marasa matsuguni ta dare ɗaya da aka yi a faɗin Amurka a Janairun 2024 ta samu mutum 771,480, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan 653,104 na shekarar da ta gabace ta, kuma ɓangaren waɗanda ke gidajen kwana yawanci daga waɗannan fayiloli ake ciro shi. Duk wanda sunansa ke ciki yana da haƙƙin ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya karɓi kwafi, ya kuma nemi a gyara kuskure. Kaɗan ne suka san da haka, don haka a gaya musu tun ranar farko, a juyo musu da fuskar kwamfutar su duba sunansu da ranar haihuwarsu kafin a adana.