Yadda na gyara kibiyoyina da suke karkacewa

Bakana na farauta irin na zamani ne mai tayoyi a baki biyu, nauyin jansa fam 70, tsawon jana inci 29. Da kan kibiya na gwaji komai lafiya lau, amma da na ɗaura kan farauta mai reza, sai kibiyoyin suka fara watsewa daga yadi 30. Na ɓata mako guda ina taɓa saiti, ashe laifin na sandar kibiyar ne.

Lambar taurin da ke jikinta 400 ce. Ita wannan lamba awon yadda sanda ke lanƙwasawa ce idan aka rataya mata nauyi a tsakiya, don haka ƙaramar lamba ta fi tauri. 400 ta yi wa fam 70 laushi, ga kuma kai mai giren 125 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) yana ƙara lanƙwasa ta.

Na koma 300, na yanke sandar ta rage saura inci ɗaya gaban mazauninta a jikin baka. Na harba ta cikin takarda, huda ta fito kusan zagaye, alamar tana tafiya a miƙe. Na kuma auna ta, ta haura giren 5 kan kowane fam na nauyin jan bakan, don kibiya mara nauyi tana wahalar da baka da tsirkiya. Yanzu kan reza da kan gwaji wuri ɗaya suke sauka.